Telebijin mai intanet da ya tsaya a kan suna: ciwon ma'ajiya da hanyoyin gyara

Kun kunna telebijin da maraice, sunan kamfanin da ya ƙera shi ya bayyana a gilashi, daga nan bai ƙara gaba ba. Ko kuwa sunan ya fito, gilashi ya yi duhu, sunan ya sake fitowa, haka nan har ku gaji ku zare waya daga bango. Mutane da yawa idan sun ga wannan sai su ce telebijin ya mutu, su tura shi bayan ɗaki ƙura ta rufe shi, ko su sayar wa masu sayen tsofaffin kaya da kuɗi kaɗan. Alhali sau da yawa gilashin lafiya yake, kuma shi ne mafi tsada a jikin na'urar. Abin da ya lalace wata ƴar ƙwaya ce baƙa wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ga bayanin ƙwayar, da dalilin lalacewarta, da abin da za ku tambayi mai gyara kafin ku ba shi kayanku da kuɗinku.

Mene ne wannan ƙwaya?

Telebijin na da, mai ƙaton baya, aikinsa guda ne: ya kamo tasha ya nuna. Na yanzu, mai fadin gilashi da ke shiga intanet, kwamfuta ce sosai. Yana da manhajar da ke tafiyar da shi, kamar yadda salula ke da tata. Kamfanin Samsung na amfani da Tizen tun 2015, LG na amfani da webOS tun 2014, Sony ya koma Android a 2015, kuma yawancin masu sauƙin kuɗi da ke cikin kasuwanninmu Android ne a cikinsu. Duk lokacin da kuka kunna, sai telebijin ya karanta wannan manhaja daga farko kafin ya iya yin komai. In ya kasa karantawa, sai ya tsaya inda karatun ya tsinke.

Inda manhajar take a rubuce shi ne ma'ajiyar filash. Irinta ce ke cikin katin memwar na salula da kile na USB. Bambancinta da sauran sassa shi ne ba ta manta abin da aka rubuta mata ko an ɗauke wuta. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan a 1987 ya fito da nau'in NAND, wanda shi ne ke cikin kayanmu na yau.

A yawancin telebijin na yanzu ƙwayar tana da suna eMMC. Ku riƙe waɗannan haruffa huɗu, domin da su mai gyara zai kira ta. Girmanta milimita 11 da rabi ne a faɗi, 13 a tsawo. Tana ɗaukar giga 4, ko 8, ko 16 a mafi yawan lokuta. Ba ta da ƙafafu a gefe. A ƙarƙashinta akwai ƴan ɗigo-ɗigon dalma, galibi 153, tsakanin kowane ɗigo da maƙwabcinsa rabin milimita, kuma da su aka liƙe ta a babban katin telebijin. Wasu tsofaffin telebijin suna da ƙwayar NAND mai ƙafafu 48, wasu kuma suna da wata ƙarama mai ƙafafu 8 da ke riƙe umurnin tashi. Ciwonsu kusan ɗaya ne.

Me ya sa take lalacewa?

Ku tuna da allon da muke koyon rubutu a kansa a cibiyar yaƙi da jahilci. A rubuta, a goge, a sake rubutawa. Shekara ɗaya, shekara biyu, sai ku ga tsakiyar allon ya koɗe, alli ba ya kamawa. Haka ma'ajiyar filash take. Cikinta cike yake da ɗakuna ƙanana ƙwarai, biliyoyi, kowane yana tsare ƴar wutar lantarki a bayan wani siririn bango. Kowace gogewa sai an tura wutar ta ratsa bangon da ƙarfi, kuma kowace ratsawa tana rage masa ƙwari. Nau'in da aka fi sa wa kayan gida yana jure gogewa kamar sau 3,000 a kowane ɗaki, wani ma bai kai haka ba. Karatu ba ya cin ta sosai. Rubutu da gogewa ne ke cin ta.

Masu ƙira sun san da haka. Shi ya sa suka sa wani ɗan mai kula a cikin ƙwayar, wanda ke rarraba rubutu ko'ina don kada wuri guda ya koɗe, kamar malamin da ke amfani da duk kusurwoyin allo. Sun kuma ware wasu ɗakuna na ajiya domin maye gurbin waɗanda suka mutu. Ranar da ajiyar ta ƙare, ranar ciwo ke bayyana. Wata ƙwayar sai ta ƙi karɓar sabon rubutu amma a iya karanta na ciki. Wata kuwa sai ta yi shiru gaba ɗaya.

Za ku ce, to mu me muke rubutawa a telebijin? Ba ku ne ke rubutu ba, shi ne. Muddin yana kunne yana ajiye bayanin abin da yake yi, yana tara guntayen hotunan da kuka kalla ta intanet, yana sabunta manhajoji. Idan ma'ajiyar ƙarama ce kuma an cika ta maƙil, sai rubutun ya taru a ɗan filin da ya rage, ya cinye shi da wuri. Ba telebijin kaɗai ke fama da wannan ba. A 2021 kamfanin motoci na Tesla a Amurka ya kira motoci kusan 135,000 domin gyara, saboda ƙwayar eMMC mai giga 8 da ke tafiyar da babban gilashin da ke tsakiyar gaban mota ta gaji da rubutu.

A ƙasarmu akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko yankewar wuta. In an ɗauke kuran daidai lokacin da telebijin ke cikin rubutu, sai a bar layi rabi, kuma in layin na cikin umurnin tashi ne, gobe ba zai tashi ba. Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, cikin akwatin telebijin kuwa ya fi haka nesa, balle in ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iska. Zafi yana sa wutar da ke tsare a ɗakunan ta riƙa zurarewa, musamman a ƙwayar da ta riga ta tsufa.

Daga nan ku fahimci abu mafi muhimmanci: ciwon iri biyu ne. Akwai rubutun da ya ɓaci a kan allo mai lafiya, wannan sai a goge a sake rubutawa. Akwai kuma allon da ya koɗe, wannan ko an sake rubutu ba zai zauna ba, sai an sake allo. Alamunsu a ido kusan ɗaya ne, amma aikinsu da kuɗinsu sun bambanta ƙwarai.

Ku tabbata ciwon ma'ajiya ne

Alamun da ke nuna ma'ajiya su ne tsayawa a kan suna, mutuwa da tashi ba iyaka, nauyi mai tsanani wajen buɗe komai, da mantuwa: kun jera tashoshi ko kun sa lambar sirrin intanet, kun kashe kun kunna, duk sun ɓace. Wannan mantuwa gargaɗi ce babba. In kun ga ta, kada ku jira, ku kai shi gyara tun yana tashi. Dalilin zai zo a gaba.

Amma akwai cututtukan da ba ruwansu da ma'ajiya. In kuna jin murya ba hoto, ku haska tocila dab da gilashi cikin duhu. In kun hango hoto dishi-dishi, fitilun bayan gilashi ne suka mutu. In ko ƴar jar fitilar gaba ba ta kamawa, a fara duba katin wuta. In layuka ne suka tsaga hoto, matsalar tana wajen gilashi ko katin da ke tura masa hoto. Har ma tsayawa a kan suna, wani lokaci katin wuta ne da ya gaji ba ya ba da wuta daidai. Mai gyara na ƙwarai yana fara auna wuta kafin ya zargi ƙwaya.

Abin da za ku iya yi a gida

Ku zare wayar wuta daga bango, ku cire duk abin da ke maƙale a jiki, dikoda da kile na USB da wayar HDMI, ku bar shi kamar minti 10, sannan ku kunna shi shi kaɗai. In ya tashi, ku shiga cikin saiti ku share manhajojin da ba ku amfani da su. In nauyin bai ragu ba, akwai umurnin mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta. Ku sani wannan yana share tashoshinku da lambobin sirrinku. In kuma kun yi haka sau ɗaya ciwon ya dawo, kada ku yi ta maimaitawa, domin kowace maimaitawa ƙarin rubutu ce a kan ƙwayar da ke neman ƙarewa.

Sai aikin alƙalami, wanda ku da kanku za ku iya. A bayan telebijin akwai takarda a liƙe. Ku kwafi sunan kamfani, da lambar samfuri, da lambar jeri, harafi bayan harafi, ku duba sau biyu. Ku kula da sifiri da harafin O, da lamba 1 da harafin I, da 5 da S, domin suna kama da juna. Kuskuren harafi ɗaya na iya sa a zuba wa telebijinku manhajar wani.

Iyakarku ke nan. Kada ku kwance bayansa. A katin wuta akwai wani ɗan gwangwani mai tara wuta da ke riƙe bolt 300 zuwa 400, kuma yakan riƙe ta ko bayan an zare waya. Tana iya yi wa mutum mummunan lahani.

A wurin mai gyara: sake rubutu

Matakin farko, kuma mafi sauƙin kuɗi, shi ne abin da masu gyara ke kira filashin. Ana sa manhajar da ta dace a kile na USB, a soka a telebijin, a kunna shi ta hanyar da kamfanin ya tsara, sai ya kwashe ya rubuta wa kansa. Sharaɗi biyu ne. Manhajar ta dace da lambar babban kati da kuma lambar gilashi, domin kati iri ɗaya kan zo da gilasai daban-daban. In an kuskure sai hoto ya fito a kife, ko launi ya rikice, ko telekomand ya daina aiki. Sharaɗi na biyu, kada wuta ta yanke cikin aikin. Ku duba ko mai gyaran yana da batir ko wata hanyar riƙe wuta.

In an yi filashin telebijin ya tashi, kada ku yi saurin murna. Ƙwayar da ta koɗe takan karɓi rubutu ta yi mako biyu ko wata guda, sannan ta koma gidan jiya. Akwai hanyar sanin gaskiya. Tun daga tsarin eMMC 5.0 na shekarar 2013, ƙwayar tana ajiye rahoton lafiyarta da kanta. Na'urorin karatu da masu gyaran salula da telebijin ke amfani da su, irin su RT809H da UFI da Easy JTAG, suna nuna shi. In ta nuna 01, ba a ci fiye da kashi 10 cikin 100 na rayuwarta ba. 05 na nufin an kusa rabi. 0A na nufin tana tsakanin kashi 90 da 100. 0B kuwa ta wuce wa'adinta. Ku roƙi a nuna muku wannan lamba da idonku. Haƙƙinku ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar.

A wurin mai gyara: sauya ƙwaya

Nan ne aikin ke da wuya, kuma nan ne ake yawan yin asara. Sabuwar ƙwaya fanko take zuwa, ba komai a cikinta. In an liƙa ta haka nan, telebijin ba zai ko motsa ba. Sai an zuba mata duk abin da ke cikin tsohuwar.

Abin da ke cikin tsohuwar kuwa ba manhaja ce kaɗai ba. Akwai sassa biyu ƙanana na umurnin tashi. Akwai babban fili na manhaja. Akwai saitin gilashinku. Akwai kuma wasu makullai na sirri da masana'anta ta ba wannan telebijin shi kaɗai, kamar katin shaidar ɗan ƙasa: lambar da yake shiga intanet da ita, makullin da ke ba shi izinin nuna hoton da ya shigo ta HDMI, da wanda manhajoji irin su Netflix ke nema kafin su buɗe. Manhaja ana samun ta a wurin wani. Waɗannan makullai kuwa, in sun tafi, da wuya su dawo. Dalilin da ya sa muka ce ku kai shi tun yana tashi ke nan: ƙwayar da ke numfashi ana iya kwafe ta, wadda ta yi shiru ba a iyawa.

Saboda haka tambayarku ta farko ga mai gyara ita ce: «Malam, za ka kwafe abin da ke cikin tsohuwar kafin ka sa mata wuta?» Gwani yakan liƙa siraran wayoyi biyar ko shida a kan katin, ya karanta ƙwayar tana wurinta, ya ajiye kwafin a kwamfuta. Zafin cirewa kan ƙarasa ƙwayar da ta raunana, don haka kwafi ne farko, cirewa daga baya. In ya ce ba ya da na'urar karatu, ku yi masa godiya ku ɗauki kayanku. A ganina, wanda ke gyaran salula da madubin ƙara girma ya fi dacewa da wannan aiki bisa ga tsohon mai gyaran rediyo, komai daɗewarsa a sana'a, domin ƙwayar iri ɗaya ce da ta cikin salula kuma hannunsa ya saba da ita.

Bayan kwafi sai cirewa. Ana ɗumama katin daga ƙasa, a hura iska mai zafi daga sama har dalmar ta narke. Dalmar da masana'antu ke amfani da ita yanzu, marar gubar darma, tana narkewa wajen digiri 217. In an yi gaggawa aka ɗaga ƙwayar kafin nan, sai ta taho da hanyoyin tagulla na katin, kati ya lalace. In an zarce da zafi, ƙananan sassan da ke kewaye su zube ko katin ya lanƙwashe. Sai a share wurin, a rubuta kwafin a sabuwar ƙwaya, a daidaita ta a kan ɗigoginta, a sake hura iska.

Ku tambayi asalin sabuwar ƙwayar. Da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwa daga matattun salula aka ciro su, aka sake musu dalma. Wata tana da sauran rai, wata ta fi taku tsufa. A karanta rahoton lafiyarta a gabanku kafin a liƙa. Akwai kuma wani ɗan sashe a cikin kowace eMMC mai suna RPMB, wanda ake kulle shi sau ɗaya tak da makullin na'urar da ya fara aiki a cikinta. Ba a kwafe shi, ba a sake buɗe shi. Wasu telebijin ba su damu da shi ba, wasu kuwa ba sa karɓar ƙwayar da aka riga aka kulle a wata na'ura. Wannan ma dalili ne na fifita sabuwa.

In tsohuwar ta yi shiru, mai gyara zai nemi kwafin da aka ɗauko daga wani telebijin mai kati da gilashi irin naku. Sau da yawa yana tashi, tashoshi su fito, amma wasu manhajojin intanet su ƙi buɗewa saboda rashin makullai. Ya kamata a faɗa muku haka tun kafin a yi ciniki.

In sauya ƙwaya bai yiwu ba

Ana iya sauya babban katin dungum da wani mai lamba iri ɗaya, galibi daga telebijin da gilashinsa ya fashe. Aikin minti kaɗan ne. Sai dai ku tuna ƙwayar da ke kansa ita ma ta yi shekarunta.

Akwai kuma hanyar da na fi ba masu ƙaramin ƙarfi shawara. Ana sayar da wasu katuna na gama-gari da ke aiki da gilasai iri-iri. In an sa ɗaya, telebijinku ya zama na kallo kawai, ba intanet, da sabon telekomand. Dikodar tauraron ɗan Adam za ta yi aiki a kansa. In kuna son intanet, sai ku sayi ɗan akwatin Android ku haɗa ta HDMI. Amfanin wannan shi ne ranar da ma'ajiyar akwatin ta gaji, akwatin kaɗai za ku sauya. In da eriya kuke kama tashoshin ƙasa, ku duba an rubuta DVB-T2 a jikin katin, shi ne tsarin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka zaɓa. Ba kowane gilashi ne ke karɓar irin wannan kati ba, musamman manya masu hoton 4K.

Kowace hanya kuka zaɓa, ku sa a rubuta muku a takarda: abin da za a sauya, kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kwanakin da mai gyara ya ɗauki alhakin in ciwon ya dawo. Ku karanta kafin ku biya. Ku kwatanta jimillar da kuɗin wani telebijin mai girma ɗaya a kasuwar garinku.

Bayan an gyara

Ku riƙa kashe shi da telekomand, ku ɗan dakata, sannan ku zare waya. In wuta na rawa, tana zuwa tana tafiya, ku zare shi har ta zauna. In da hali ku sa masa na'urar daidaita wuta, ko mai batir da ke riƙe shi ƴan mintoci. Masu aiki da hasken rana su kashe shi kafin batir ya ƙare, kada su bari ya mutu da kansa. In ya rubuta cewa yana sabunta manhaja, kada kowa ya taɓa shi har ya gama. Ku bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, kada ku lulluɓe shi da zane yana kunne, ku riƙa share ƙurar ramukan baya da busasshen buroshi. Kada ku bar yara su cika shi da wasanni.

Kafin ku baro shagon, ku ba mai gyara kile na USB mai girman da ya ishe, ya sa muku kwafin abin da ya karanta daga ƙwayar telebijinku. Ku rubuta lambar samfuri da ranar gyara a ƴar takarda, ku naɗe su tare, ku ajiye cikin akwatin da kuke ajiye takardun haihuwa.